Yadda Ake Riƙe Mota Mai Ƙarfin Gudu Idan Ta Nemi Ƙwacewa a Titunan Abuja

Hanyar filin jirgin sama wadda ta ratsa Lugbe, da babbar hanyar Kubwa, da titin Nnamdi Azikiwe, duk faɗi gare su, kwaltarsu a shimfiɗe take, kuma da tsakar dare ko da safiyar Lahadi sukan zama fayau, sai mota ɗai-ɗai. A kan irin waɗannan hanyoyi ne motoci masu ƙarfin gudu, irin su Ford Mustang da Dodge Challenger da BMW M4 da Mercedes C63, suke ƙwace wa masu su. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, sau da yawa motar ba a tsakiyar tsere take ƙwacewa ba; takan ƙwace ne wajen fitowa daga shataletale, ko wajen hawa gada mai lanƙwasa, da gudun da shi kansa direban ba zai kira shi ganganci ba. Ya dai taka totur kamar yadda ya saba takawa a tsohuwar motarsa, sai kawai ya ga bayan motar yana neman ya riga gabanta.

Dalilin haka yana cikin ƙirar motar. Yawancin direbobinmu sun koyi tuƙi ne da Corolla ko Camry ko Accord, waɗanda tayoyin gaba ne suke jan su, kuma Corolla irin wadda ta cika titunanmu ƙarfin injinta bai kai na doki 150 ba. Idan ka cika mata wuta a kwana, iyakar abin da za ta yi shi ne gabanta ya ɗan zarce, da ka ɗaga ƙafa kuma ta dawo hanya. Mustang mai injin V8 na lita 5 kuwa ƙarfinta ya haura na doki 400, Challenger samfurin Hellcat ta kai 707, kuma dukan wannan ƙarfi ta tayoyin baya guda biyu yake sauka ƙasa. Ƙafar da ta saba da waccan mota ta yi wa wannan nauyi, kuma shekarun da mutum ya yi yana tuƙi ba su koya masa komai game da wannan bambanci ba.

Abin da yake riƙe mota a kan kwalta

Komai tsadar mota, abin da yake haɗa ta da ƙasa shi ne wurare huɗu na roba, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Ta nan ake yin birki, ta nan ake shan kwana, ta nan kuma ake ƙara gudu. Riƙon da taya take yi wa kwalta yana da iyaka, kuma ayyukan nan uku daga asusu ɗaya suke ci, kamar kuɗin cefane ne da aka ba ka a dunƙule: idan nama ya cinye kaso mafi yawa, abin da ya rage wa shinkafa da mai kaɗan ne, ba kuwa wanda zai ƙara maka. Tayar da take amfani da kusan dukan riƙonta wajen shan kwana ba ta da ragowar da za ta karɓi totur mai ƙarfi ko birki mai ƙarfi. Idan ka tilasta mata, sai ta saki gaba ɗaya, kuma tayar da ta saki ba ta jin umarnin sitiyari.

Akwai kuma batun nauyi, wanda shi ne direbobi suka fi jahilta. Duk lokacin da ka taka birki, ko ma ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, nauyin mota yakan koma gaba, tayoyin gaba su ƙara kama ƙasa, na baya kuma su yi sakayau. Idan ka taka totur, nauyin ya koma baya. Saboda haka direban da ya shiga kwana da gudu, ya tsorata a tsakiyarta, ya ɗage ƙafa kwatsam, shi da kansa ya rage wa tayoyin baya riƙo a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Motocin da injinsu yake baya ko tsakiya, irin su Porsche 911, sun fi saurin hukunta mai wannan kuskure, musamman tsofaffin samfura.

Duba tayoyi kafin komai

A ganina babu wani gyara da mai irin wannan mota zai kashe wa kuɗi da ya kai taya muhimmanci, amma ita ce aka fi yi wa rowa. Za ka ga mutum ya sayi mota ta miliyoyi, ya sauya salansa domin ƙara, ya yi wa gilashi duhu, sa'an nan ya je ya ɗauko tayoyin tokumbo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Tsuguna ka dubi gefen tayarka. Bayan haruffan DOT akwai jerin lambobi da suke ƙarewa da guda huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe kuma shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana bushewa ta taurare da tsufa ko da zanenta bai suɗe ba, zafin Abuja na watannin Fabrairu da Maris kuma yana gaggauta hakan. A watan Nuwamba na 2013, ɗan wasan fim na Amurka Paul Walker ya rasu tare da abokinsa Roger Rodas, wanda shi ne yake tuƙi, a cikin Porsche Carrera GT a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun gano cewa motar tana gudun tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a sa'a a wurin da doka ta ƙayyade kusan 70, kuma tayoyinta sun kai kimanin shekara tara. Rodas gogaggen ɗan tseren mota ne, amma gogewarsa ba ta mayar da busasshiyar roba sabuwa ba.

Wata matsalar ta motocin da ake shigowa da su daga Kanada da arewacin Amurka da Turai ita ce, wasu suna zuwa da tayoyin sanyi, waɗanda za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. An yi robarsu da laushi domin ƙasashen dusar ƙanƙara, a kan kwaltarmu mai zafi kuwa sukan ƙara laushi, su tsawaita birki, su kuma cinye da wuri. Ka duba har da harafin da yake ƙarshen lambar girman taya, domin shi ne yake faɗin iyakar gudun da aka yi ta dominsa: H na kilomita 210 ne a sa'a, V na 240, W na 270, Y kuma na 300. Ba don za ka yi wannan gudu ba ne ake so ka saka wadda kamfanin ya tanada, sai don ƙarfin jikinta da juriyarta ga zafi suna tafiya da wannan harafi. Zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma kafin damina ta kankama ya fi kyau a sauya ta tun tana kusan milimita 3. Kada ka haɗa tayoyi iri biyu a ƙafafun baya, ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, domin ɗaya za ta saki kafin ɗaya, motar ta karkace.

Iskar taya kuma ba da bugun ƙafa ake auna ta ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin takardar da aka manna a ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ka sayi ma'aunin kanka ka ajiye a mota, domin mai faci yakan cika iska daidai da abin da ya saba yi wa motocin haya, taya mai iska fiye da kima kuwa tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa sosai. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Tsohon mai yakan tafasa idan birki ya yi zafi, feda ta nutse ba tare da ta kama ba, abin da mai gangarowa daga Hawan Kibo a hanyar Jos ba zai so ya gani ba.

Zama da riƙon sitiyari

Zaman da matasa suke yayi, na kwantar da kujera baya da ɗora hannu ɗaya a saman sitiyari, zama ne da ba a iya ceto mota da shi. Matso da kujera har ya zama idan ka taka birki iya ƙarfinka gwiwarka tana da sauran lanƙwasa. Ɗaga majinginar har ya zama idan kafaɗunka suna manne da ita, wuyan hannunka yana iya sauka a saman sitiyari ba tare da ka miƙe ba. Riƙe sitiyarin da hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai inda ƙarfe uku da ƙarfe tara suke a fuskar agogo, domin da wannan riƙo za ka iya juya shi kusan rabin zagaye kowane ɓangare ba tare da ka saki ba, kuma kullum ka san inda tayoyin gaba suka dosa. Ƙafar hagu ta dafe matakin da aka yi mata a gefe, bel ya ɗaure ka sosai, kuma ka bar silifas da takalmi mai santsi, ka lura kada bakin babbar riga ya sarƙe da giya ko ya sauka kan feda.

Na'urar da bai kamata a kashe ba

Motocin zamani suna da kwamfutar da take lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri, idan ta ga sun saɓa sai ta rage wutar inji ta kuma kama birkin taya ɗaya tak domin ta daidaita motar, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa. Mercedes suna kiranta ESP, BMW suna kiranta DSC, Porsche PSM, Toyota kuma VSC. Mercedes da kamfanin Bosch ne suka fito da ita a 1995, amfaninta kuma ya bayyana har Amurka ta wajabta ta ga sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai ma ta wajabta ta ga dukan sababbin motoci a 2014. Maɓallinta yana ɗauke da hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa a bayanta. A kan titin jama'a kada ka taɓa shi, ko da abokai sun ce maka na'urar tana danne ƙarfin motar. Idan ka ga fitilar tana walƙiya a dashbod yayin da kake tuƙi, motar ce take sanar da kai cewa ka ƙure riƙon taya kuma ta rufa maka asiri, sai ka sassauta. Idan kuwa fitilar, ko ta ABS, wato na'urar da take hana taya kullewa wajen birki, ta kama ta tsaya ba ta mutuwa, to na'urar ba ta aiki, kuma wannan ya zama ruwan dare a motocin da aka sayo bayan sun yi hatsari a waje. Kai ta wurin bakaniken da yake da na'urar binciken kwamfuta, a Apo ko inda ka amince da shi, kuma kada ka yarda a cire ƙwan fitilar a ce maka an gyara.

Yadda ake shan kwana

Ƙa'idar ita ce a gama birki tun mota tana tafiya miƙe, kafin a fara juya sitiyari. Rage gudu har ya zama ka tabbata ya yi ƙasa da abin da kwanar take ɗauka, saki birkin a hankali ba da fizga ba, juya sitiyari sau ɗaya cikin natsuwa, riƙe totur kaɗan yadda gudun ba zai ƙaru ba ba zai ragu ba, sa'an nan ka fara ƙara wuta daidai gwargwadon yadda kake warware sitiyari. Muddin sitiyari yana karkace sosai, totur ba shi da izinin nutsewa. Wannan jimla ɗaya, da za a kiyaye ta, da ta hana yawancin juyawar da ake gani a shataletale da mahaɗar tituna.

Idanu su ne suke tuƙi kafin hannu. Mota tana bin inda direba yake kallo, shi ya sa wanda ya ƙura wa turken fitila ido cikin firgici yakan je ya same shi ko da akwai fili a dama da hagu. Ɗaga kai ka dubi ƙarshen kwanar tun kana bakinta, kuma ka riƙa karanta launin kwalta. A Abuja abubuwan da suke kayar da direba sanannu ne: yashin da tifofi suke zubarwa a mahaɗa da bakin wuraren gini, baƙin mai da gas da manyan motoci suke ɗigarwa a shataletale da hawan gada, ƙarfen da yake haɗa sassan gada wanda yake santsi idan ya jiƙe, da fentin layin hanya. Ruwan farko na watan Maris ko Afrilu ya fi kowanne haɗari, domin yana taso da mai da ƙurar da suka taru tun farkon rani, kwalta ta yi santsi alhali a ido yayyafi ne kawai.

Idan gaba ya zarce

Alamarsa ita ce ka juya sitiyari amma motar ta ci gaba da nufar wajen kwana, sitiyarin ya yi sakayau a hannunka, wani lokaci da ƙarar taya. Zuciya za ta ce maka ka ƙara juyawa, wannan kuwa ƙara lalata al'amarin yake yi, domin tayoyin gaba sun riga sun ƙure. Sassauta totur a hankali domin nauyi ya dawo gaba, ɗan warware sitiyarin kaɗan har ka ji tayoyin sun sake kamawa, sa'an nan ka juya. Shigar kwana da gudun da ya wuce kima ne yake jawo shi, kuma gyaransa yana bukatar fili, wanda simintin gefen titi ba ya bayarwa.

Idan baya ya zame

Wannan shi ne ainihin ciwon motoci masu jan baya, kuma jiki yakan ji shi kafin ido ya gani: kujera za ta ɗan murɗa a ƙarƙashinka, gaban motar ya fara leƙa cikin kwanar fiye da yadda ka umarta, ƙarar inji ta tashi domin tayoyin baya suna juyawa a banza. Abin da za ka yi yana da matakai uku da suke faruwa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Da farko ka kafa idonka a kan inda kake so motar ta je, ka juya sitiyari zuwa can da sauri, wato ɓangaren da bayan motar yake zamewa. Idan kana shan kwanar dama baya ya fita hagu, sitiyari hagu zai je. A daidai lokacin ka sassauta totur, amma sassautawa, ba ɗagewa kwatsam ba, kuma kada ka taɓa birki, domin dukansu biyu suna ƙara ɗauke nauyi daga tayoyin da suka riga suka saki. Na biyu, akwai ɗan tsaiko da za ka ji, lokacin da bayan ya daina fita amma bai fara dawowa ba. Na uku, wanda shi ne ya fi kashe mutane, shi ne mayar da sitiyari tsakiya da zarar bayan ya fara dawowa. Direbobi da yawa suna cin nasarar matakin farko, sai murna ko firgici ya sa su bar sitiyarin a karkace. Tayoyin baya suna sake kama ƙasa sai motar ta yi tsalle zuwa ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko, ta tsallaka layi biyu ko uku ta daki simintin da ya raba hanya. Idan ka lura da bidiyon irin wannan hatsari da ake yaɗawa a waya, za ka ga yawanci ba zamewar farko ce take kai motar ga bango ba, ta biyun ce. Hannu ya riga motar dawowa, kada ya jira ta.

Idan kuwa abin ya wuce gyara, motar ta juya har kana kallon inda ka fito, to ka daina kokawa da sitiyari. Taka birki iya ƙarfinka ka riƙe, idan mai giyar hannu ce ka taka kuloci tare da shi, kuma kada ka saki har sai motar ta tsaya cak. Wanda ya saki birki a tsakiyar juyawa yakan ba tayoyi damar sake kamawa alhali suna fuskantar wani wuri dabam, motar ta harba can.

Sauran yanayi guda uku duk magani ɗaya suke sha, wato kada a yi komai da fizga. Idan tayoyin gefe ɗaya suka sauka daga kwalta zuwa ƙasa, kada ka fizgo motar. Riƙe ta miƙe, bar ta ta rage gudu, sa'an nan ka hau kwaltar a hankali. Idan ka faɗa ruwan da ya kwanta a hanya ka ji sitiyari ya yi sakayau, tayoyin sun hau kan ruwa ne, kuma faffaɗan tayoyin motocin gudu sun fi sirara saurin yin haka. Riƙe sitiyari miƙe, sassauta totur, jira su sauka. Idan taya ta fashe, riƙe sitiyari da ƙarfi, kada ka taka birki sai gudun ya ragu da kansa. Birkin gaggawa a miƙaƙƙiyar hanya shi kaɗai ne yake son ƙarfi: a mota mai ABS ka taka iya ƙarfinka, ka riƙe ko da fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, domin wannan karkarwa aikin na'urar ne, kuma kana iya kauce wa abu da sitiyari ƙafarka tana kan birkin.

Lissafin gudu

Dokar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 take aiwatarwa, ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 kuma a tagwayen hanyoyi na gudu. Mai gudun 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, motar kuma ta bukaci kimanin mita 40 ta tsaya a busasshiyar kwalta, ya ci kusan mita 70 ke nan. Mai gudun 160 zai ci mita 44 kafin ya taɓa birki, sa'an nan ya bukaci sama da mita 100, domin tazarar birki ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: gudu ya ninka biyu, ita ta ninka huɗu. A daidai wurin da mai gudun 100 ya tsaya cak, mai 160 yana kan gudun kusan 140. Ka sa wannan a ranka duk lokacin da kake wuce Lugbe da daddare, inda mutane suke tsallaka titi a ƙasa, inda tirela takan lalace ba fitila, inda kuma shanu suke iya fitowa daga duhu.

Inda ake koyo da yadda ake koyo

Karanta wannan bayani ba zai sa hannunka ya iya ba, domin a lokacin firgici jiki abin da ya maimaita yake yi, ba abin da ya karanta ba. Ana bukatar fili mai faɗi, rufaffe, wanda mai shi ya ba da izini, babu turaku, babu kwalbati, babu 'yan kallo, tare da wanda ya fi ka sani zaune a gefenka. Titin unguwa da tsakar dare ba fili ba ne, haka ma harabar wurin biki. Wasan motar da ake yi a ɗaurin aure da rakiyar amarya, inda ake juya mota a tsakiyar jama'a ana tafi, ba koyon tuƙi ba ne, tuƙin ganganci ne a idon doka, kuma wanda yake yinsa ya jingina rayukan yaran da suke kallo ga tayar da bai san shekarunta ba.

Fara da birki, ba da zamewa ba. Jera robobin alama, taho da gudun 40 ka taka birki iya ƙarfinka har ka saba da karkarwar ABS, sa'an nan 60, kana auna tazarar da ƙafa domin idonka ya ga bambancin. Mutane da yawa za su yi mamakin cewa ba su taɓa taka birkin motarsu har ƙarshe ba. Daga nan ka koyi birki tare da kaucewa. Bayan haka ka jera robobin a layi da tazara mai yawa ka riƙa saƙa tsakaninsu da ƙaramin gudu, idonka a kan roba ta biyu a gaba, ba wadda kake wucewa ba. Sai a ƙarshe za a zana da'ira mai faɗi, a jiƙa ta da ruwa idan da hali, ka riƙa zagayawa a giya ta biyu kana ƙara wuta kaɗan-kaɗan har ka ji inda gaba yake fara zarcewa da inda baya yake fara fita. Yi haka na'urar daidaitawa tana kunne tukuna. Sai malaminka ya gamsu za a rage ta, kuma a wannan fili kaɗai. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana sa komai ya faru da gudun 30 ko 40, inda kuskure ba ya cin komai sai roba. Ƙananan motocin tsere na wasa, waɗanda ake hawa a wuraren shaƙatawa, su ma makaranta ce mai arha, domin jan baya ne kuma ba su da wata na'ura da take ɓoye kuskure. Wanda yake da halin tafiya kuwa, akwai horo na kwana ɗaya da ƙwararrun malamai a filayen tsere irin su Yas Marina a Abu Dhabi, da Dubai Autodrome, da Kyalami kusa da Johannesburg, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran gaban Mercedes da ya daki siminti ba.

Idan motar ta taɓa zamewa har taya ta daki dakalin gefen titi, ko da ba ka ga lanƙwasa a jiki ba, kada ka sake gudu da ita sai an ɗaga ta an duba wili da ƙarafan ƙafa da saitin tayoyi, domin ƙafar baya da ta goce kaɗan takan sa motar ta riƙa neman ƙwacewa ba dalili. Idan an samu rauni, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112, kuma ba a jan wanda ya bugu a wuya ko baya daga cikin mota sai in ana tsoron wuta.

Saura batun ba da aron makulli, wanda a gidajenmu yake da wuyar ƙi, musamman idan ƙane ko ɗa ne ya roƙa ranar Sallah ko ranar bikin aboki. Wasu kamfanoni sun yi tanadi domin wannan. Motocin Ford da yawa suna da tsarin MyKey, wanda yake ba mai mota damar saita makulli na biyu ya ƙayyade iyakar gudu, ya kuma hana a kashe na'urar da take hana taya zamewa. Hellcat tana zuwa da makulli biyu, ja mai sakin dukan ƙarfin injin, da baƙi mai tsayar da shi a kusan doki 500, wanda shi ma ya ninka na Corolla fiye da sau uku. Idan motarka ba ta da irin wannan tsari, kuma mai roƙon bai taɓa zuwa filin koyo tare da kai ba, ka ba shi ɗaya motar, ko ka kai shi da kanka.